Mai Walda da Bututun Hayaƙi

Shekara ashirin da biyu Baba Mai Walda ya yi yana liƙa ƙarafa a masana'antar siminti, a gindin dogon bututun hayaƙi. Da tari ya kama shi, foman ɗinsu, wato shugaban ma'aikata, da ake kira Gajere ya tsayar da shi a gaban ma'aikata, ya ce huhunsa ya ƙare, ya je gida ya yi wa matarsa tarin. Aka yi dariya. Baba ya cire safar hannunsa ya fita, ko waiwaye bai yi ba, amma maganar ta tsaya masa a rai.

Shekara uku yana gyaran ƙofofi da ƙafafun gado a wata 'yar rumfa. Sai wani sabon kamfani ya shimfiɗa farantan sola a filin bayan masana'antar. Aikinsu su jawo hayaƙin nan ta bututu, su tace iskar kabon da ke ciki, su haɗa ta da wata iska da wutar sola ke cirowa daga ruwa, sai man mota ya fito. 'Yarsa ta fari ce ta cika masa takardar neman aiki. Injiniyar kamfanin ta ga waldarsa sau ɗaya, ta ɗauke shi mai duba haɗin bututu.

Bututun da ya taso daga ɓangaren siminti kuwa Gajere ne ke kula da shi, kuma ba a buɗe shi sai Baba ya sa hannu.

Ranar dubawa Baba ya zo da ruwan sabulu da alli. Bai ƙirƙiri laifi ba, bai kuma ɗaga ƙafa ko sau ɗaya ba. Duk haɗin da ya shafa wa ruwan sabulu kumfa ta tashi, alamar yoyo, sai ya zagaye shi da alli. Sau huɗu yana mayar da aikin. A na huɗun manajan masana'antar simintin ya fusata, ya sa Gajere ya hau tsani da kansa cikin tsakar rana. Ya sauko yana haki, ya matso kusa.

"Haba Baba, abin nan ai ya wuce."

"A wurinka ya wuce," in ji Baba. "Haɗi na tara yana yoyo."

Kafin wata ya ƙare aka mayar da Gajere tsaron ɗakin ajiya. Matar Baba ta ce ya isa haka, mutumin shi ma yana da iyali. Baba ya ce shi dai alli kawai ya riƙe.

Ranar da man farko ya fito, aka ba kowane ma'aikaci lita biyu. Baba ya zuba nasa a tsohon babur ɗinsa, ya bi ta gaban ɗakin ajiyar a hankali, ya danna hon, ya zagayo ya sake bi.