Gangarar Kawu Sule da Firjin Rigakafi

Rano

Muna idar da sallar asuba muka tashi, ni da Kawu Sule, ƙanin mahaifiyata, a tsohuwar bas ɗinsa. Ni mai duba dabbobi ne, kuma ranar zan kai allurar rigakafin ciwon huhun shanu rugar Arɗo Bello a Unguwar Gai. Bara wani ya yi wa garkensa allurar da zafi ya riga ya lalata, shanu suka yi ta faɗuwa. Da ƙyar ya yarda da ni, bisa sharaɗi ɗaya: sai ya taɓa kwalbar da hannunsa ya ji sanyi.

Murna kamar ta kashe ni, domin ranar ce fitar farko ta ƙaramin firjina. Yana da batirinsa daban a bayan mota. Na'urar caji ta kanti ta fi ƙarfin aljihuna. Haɗa batirinsa da na mota da waya kai tsaye ya fi komai arha, amma firji zai zuƙe har na tada mota. Sai mai gyaran wutar mota ya sa mana rile, wani ɗan makunni mai aiki da kansa, da fiyus da waya mai kauri. Inji na aiki, altaneta, na'urar cajin motar, na cika batiran biyu. An kashe injin, rile ya raba su, kowa ya kama gabansa. Batirin firjin na gwanjo ne, kuma da rabin caji muka fito, na ce hanya za ta cika shi.

Lausu

Rana na fitowa muka tsaya wajen mai ƙosai. 'Yan sintiri a bakin gari suka leƙo, ɗaya ya ce, "Malam, har da firji? Akwai lemo?" Na ce na shanu ne. Ina ta zuba wa Kawu bayanin rile, ban lura da shirun da motar ke yi lokaci-lokaci ba.

Kibiya

Muna shiga gari firji ya fara ƙara, fitilarsa ta koma ja, alamar batirinsa ya yi ƙasa. Na duba fiyus, lafiya lau. Waya ba ta cire ba. Muka ci gaba, sai ga wata gangara, na ga hannun Kawu ya tafi kan makulli ya murɗa. Mota ta sulala shiru.

"Kawu, tun daga Rano haka kuke yi?"

"Tun kafin a haife ka. Wa yake ƙona mai a gangara, ƙasa na tura shi kyauta?"

"Ai in inji ya tsaya, caji ma ya tsaya. Maganin Arɗo zai lalace!"

Ya yi salati. Ba a yi wa kawu faɗa, sai dai roƙo, na kuwa roƙe shi. Muka tsaya ƙarƙashin wata tsamiya inji na aiki, shi yana kallon allurar agogon mai kamar jininsa ake ɗiba. Har fitilar ta koma kore ban iya zama ba.

Unguwar Gai

Da hantsi muka isa. Arɗo ya amsa gaisuwa, ya miƙo hannu. Ya ɗora kwalbar a kuncinsa, ya daɗe. Sai ya juya ya ce, "Ku koro shanun." Wallahi sai da na ji hawaye. Har la'asar muna aiki, kuma Kawu da kansa yake tashi ya tada mota in firji ya yi ƙara.

Komawa

Uwargidan Arɗo ta ba Kawu kindirmo cikin galan, muka sa a firji. A gangarar farko na ce, "Kawu, yanzu sai ku kashe, magani ya ƙare."

Hannunsa ya kai kan makulli, ya tsaya, ya dawo kan sitiyari.

"Kai, bar shi. Kindirmon nan kada ya yi tsami."

Ana kiran magariba muka shiga Rano. Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu, da kuma Kawu Sule, wanda ya ƙona mai a gangara.