Motar Baba Tana Juyi Ba Ta Tashi

Tun da idon Baba ya yi rauni ni ce direbansa. Kullum da yamma nakan fito da tsohuwar motarsa daga gidanmu na unguwar Jurf, in kai shi Harami, masallacin Annabi, ya yi magariba da isha'i, in dawo da shi. Ni ce mai tuna masa magani, ni ce mai wanki. Ƙanena kuwa injiniya ne a matatar mai ta Yanbu, sai ya ga dama yake leƙo mu. Amma in Baba ya buɗe baki a gaban baƙi, "muhandis", wato injiniya, ne farko, "muhandis" ne ƙarshe. Ni ba a tunawa da ni sai ana neman shayi. Ba zan ɓoye ba, abin yana ci mini rai.

Wata Litinin na murɗa makulli, inji ya yi ta juyi, gir-gir-gir, ya ƙi kamawa. Ko gezau ban yi ba. Baba ya yi shekaru yana kai alhazai ziyara Uhudu da Kuba, kuma duk abin da na sani na mota a bakinsa na ji, lokacin muhandis yana can yana buga ƙwallo. Shi ya ce mini motar da ke juyi da ƙarfi ba ta tashi, kada a ɗora wa batir laifi. A nemi iska, a nemi wuta, a nemi mai.

Na ɗaga bonet. Matatar iska fes take, ban daɗe da canza ta ba. Na kwance fulogi ɗaya na jingina shi da jikin inji, na roƙi maƙwabciyata ta murɗa mini makulli. Tartsatsi ya fito shuɗi, wuta lafiya lau. Sai dai fulogin a bushe yake ƙamas, ko warin fetur babu. Na koma na murɗa makullin rabi, na kasa kunne wajen kujerar baya. Famfon da ke cikin tanki yakan yi ɗan kuka kamar sauro kafin mota ta tashi. Ranar shiru kake ji. Da na buɗe akwatin fiyus sai ga gurbin na famfo wayam, kamar giɓin haƙori. Fiyus yana ƙonewa, amma ban taɓa jin wanda ya yi ƙafa ya tafi ba. Murnar gano ciwon ta hana ni tsayawa in yi wannan tunani.

Na shiga ciki hannuna duk baƙin mai.

"Baba, na gano. Ɗurumbar banzin ce, famfon man nan, ba ta samun wuta, fiyus ne babu. Bari in je warsha wajen masu gyara in sayo, kafin magariba mun tashi."

"Bar ta, 'yata. Khalas, shi ke nan, na kira muhandis. Ran Alhamis zai zo."

"Alhamis? To Harami fa?"

"Masallacin unguwa ma masallaci ne," in ji shi.

Wannan fa mutumin da in na ɗan makara sai ya tuna mini salla ɗaya a masallacin Annabi ta fi dubu a wani wuri. Na wanke hannuna ina ƙunƙuni.

Washegari na zo wanki, ina lalube aljihun jallabiyarsa kamar yadda na saba. Ga asuwaki, ga carbi, ga ɗan fiyus shuɗi, lafiyayye, ko tabon ƙuna babu. Idonsa ne ya tafi, hannunsa ya san motar nan ko ba gani. Na zauna a bakin injin wanki na daɗe ina juya abin a tafin hannuna. Wato Baba ya yarda ya bar Harami har ƙarshen mako don kawai ɗansa ya tako. Kishi ya turnuƙe ni. Na mayar da fiyus ɗin aljihu, na rataye rigar ban wanke ba.

Alhamis muhandis ya iso da kifin Yanbu a cikin ƙanƙara.

"Kef halik, Yaya?" ya gaishe ni. Yana jin Hausa sarai, amma da Larabci yake amsawa.

Ina soya kifin ina leƙensu ta taga. Baba ya bar shi ya gwada batir, ya goge fulogai ɗaya bayan ɗaya, ya bi wayoyi. Duk inda ciwon ba ya nan, can ya tura shi. Yana tambayarsa aiki da abinci da maganar aure, yana dariya har da riƙe ciki. Rabon da in ji wannan dariyar har na manta. Sai da rana ta yi sanyi Baba ya ce, "Shuf, duba akwatin fiyus mana."

"Ma fi fiyus, ya Abuya!" in ji muhandis, wato babu fiyus.

"Ikon Allah! Ina da wani tsoho a aljihu, gwada mu gani."

Mota ta tashi a murɗa ɗaya. "Masha Allah, muhandis!" Baba ya faɗa har maƙwabta suka ji. Ranar muhandis ne ya kai shi Harami, ya tura kujerata baya, ya karkata madubina.

Asabar ya koma Yanbu. Lahadi na jawo kujera, na gyara madubi, muka kama hanya. Mun yi nisa sai Baba ya ce, "Rigar nan ba ki wanke ta ba."

"Na ga akwai ajiya a aljihu."

Ya ja carbinsa. Can ya ce, "Ke ai kina nan. Ba sai na cire komai ba."

Na san yabo yake nufi, na kuma ce masa haka ne. Na ci gaba da tuƙi har muka isa Harami. Da ma a ce sau ɗaya, ko da sau ɗaya ne, Baba ya cire fiyus saboda ni.