Kanarin da ya koyi keken ɗinkina

Shekarun baya, lokacin ban daɗe da buɗe shagon ɗinkina a kasuwar Adawlato da ke Lome ba, mahaifina ya tafi aikin Hajji ya bar mini amanar tsuntsayensa. Gida da ƙannena duk suna hannun mahaifiyata, ni kuwa rabona kanari uku ne a keji uku, rataye a katangar tsakar gidanmu a Zango. Akwai tsohon namiji da kowa a gidan yake ce wa Tsoho, akwai ɗansa da bai daɗe da barin sheƙa ba, sai wata 'yar mace da aka karɓo daga gidan abokin mahaifina tun tana ƙarama, ana tanadinta don ɗan.

Sai na gaya muku abin da Tsoho yake a wurin mahaifina, in ba haka ba za ku ce tsuntsu ne kawai. Kakana ne ya zo da asalin waɗannan kanari daga Arewa, a kejin kara, ɗaure a saman kayan fatauci. Tun daga lokacin kowane ɗa yake ɗaukar waƙa a bakin ubansa. Yadda ake yi a gidanmu shi ne, da zarar ɗan ya fara gwada murya, sai a lulluɓe kejinsa da baƙin ƙyalle a rataye shi kusa da na uban. Ba ya ganin komai, ba abin da zai ɗauke masa hankali, sai dai ya yi ta saurare. Ba a ɗaga ƙyallen sai za a zuba gero ko a sake ruwa.

Kullum in mahaifina ya dawo daga sallar asuba, yakan shimfiɗa buzunsa a ƙarƙashin kejin, ya ajiye shayinsa ya lumshe ido. Tsoho ya fara a hankali, ya hau, ya sauko, ya yi wani ɗan ting-ting sau biyu, sannan ya ja dogon zare na murya. Mahaifina yakan ce mini, "Uwata, kin ji nan? Nan ne gangaren rafi. Nan kuma an shiga gonakin gero." Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kirana da sunana ba, ko dai Uwata, ko kuma ya yi mini wani ɗan fito mai gaɓa biyu in ina nesa. Garin da yake kwatantawa bai taɓa taka shi ba, a Lome aka haife shi, tun Zango yana cikin gari kafin a tashe shi. Amma in ya rufe ido sai ka rantse yana tafe a hanyar garin ne. Ni ma ina yarinya nakan lumshe nawa idon in gwada, sai dai ban taɓa wuce ƙanshin kokon maƙwabta ba.

Ranar da zai tafi, ya riga ya sa ƙafa a waje ya dawo. Ya ce, "Uwata, Tsoho ya tsufa, ban tsammanin zai ga wata shekara. Wannan ɗan shi kaɗai ya rage. Kada ki ɗaga ƙyallen, kada ki raba su." Na ce, "Baba, ka tafi hankalinka kwance."

Kwana uku na yi ina biyayya. A na huɗu na ɗaga ƙyallen zan zuba gero, na ga ɗan tsuntsun a takure a lungu, yana ƙifta ido don haske. Tausayi ya kama ni, ni kuwa in tausayi ya kama ni hankalina yakan tafi yawo. Na ce wannan ai kurkuku ne, ɗan jariri cikin duhu yini guda. Bari in kai shi shago ya sha iska, yau kaɗai.

Haka na hau zemijan, wato babur ɗin haya, daga Zango har Adawlato da keji a cinya, mai babur yana tambayata ko shi ma tsuntsun awon riga za a yi masa. Na rataye kejin a tagar shago, daidai saman keken ɗinkina na ƙafa. Wallahi ranar ya yi ta tsalle, yana wanka a kwanon ruwansa, rana tana sauka a kan gashinsa mai ruwan ƙwai. Na ji daɗi har raina. Yau kaɗai ta zama gobe ma, gobe ta zama wata guda. Da yamma in mayar da shi kusa da Tsoho in lulluɓe shi, kamar ɓarauniyar da ke mayar da kaya. Mahaifiyata tana gani, ta ce, "Ke da ubanki, ni babu ruwana."

Wata ƙawata ce ta fara ganowa. A jami'a take lokacin, tana karatun halayyar dabbobi, irin mutanen da kan zauna a bakin fadama da littafi suna rubuta abin da tsuntsu ya yi. Ta zo karɓar rigarta, ina taka keke ina ƙarasa lafi, sai ta ɗaga hannu ta ce da guntun Faransancinta, "Bon, tsaya da keken nan." Na cire ƙafata. Amma keken bai tsaya ba. Tarrrrr, tarrrrr, sai ɗan tsaiko, sai kuma tarrrrr. Na duba ƙafata, na duba allura, sannan na ɗaga kai. Daga kejin ƙarar take fitowa.

Ƙawata ta yi dariya har ta zauna a kan atamfar mutane. Ta ce, "Wala, ga shi nan, kin samu ɗan koyo kyauta." Da ta ga ba na dariya sai ta yi mini bayani. Ta ce irin waɗannan tsuntsaye ba a haifarsu da waƙa a shirye, koya suke yi, kuma abin da ya shiga kunnensu suna ƙanana shi ya fi zama. Ta ce mace kuma da kunne take zaɓen miji, sau da yawa takan karkata ga irin waƙar da ta tashi tana ji. Na ce, "To ba a iya gogewa?" Ta ce, "Ke, kaset ne?"

Daga ranar ban sake fita da shi ba. Na lulluɓe shi da ƙyalle biyu ma, don tsabar wauta, kamar na biyun zai mayar da kwanakin da suka wuce.

Mahaifina ya dawo lafiya, gida ya cika da 'yan barka da zuwa, ana ta shan zamzam. Ba a yi sati uku ba Tsoho ya mutu, aka wayi gari aka same shi a ƙasan keji. Mahaifina ya binne shi a gindin bishiyar mangwaronmu. Washegari bayan asuba ya shimfiɗa buzu, ya cire ƙyallen ɗan da hannunsa, ya zauna ya lumshe ido. Ina tsaye a ƙofar ɗaki.

Ɗan ya fara daidai yadda ubansa yake farawa. Ya hau, ya sauko, ya yi ting-ting sau biyu, har na ga fuskar mahaifina ta saki, ya kama hanyar rafinsa. Sai tarrrrr.

Ya buɗe ido. Bai tambayi kowa komai ba, shi da ya saya mini keken ya san ƙararsa. Na durƙusa na faɗi komai. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya daɗe yana kallon kejin, sannan ya nuna macen ya ce, "Ba ni zan yanke hukunci ba, ita ce ta tashi tana jin Tsoho. In ta karɓe shi, to. In ta ƙi, zan ba da su, a gama kiwon kanari a gidan nan." Daga ranar kuma bai sake ce mini Uwata ba, bai sake yi mini fito ba, sai dai "ke". Wannan ya fi komai yi mini ciwo.

Aka matso da kejin macen kusa da nasa, aka sa mata ɗan kwando da auduga. Watanni muka yi a haka. Ƙawata ta gaya mini alamun da zan duba: in ta kwantar da ƙirji ta ɗaga wutsiya yana cikin waƙa, ko ta fara ɗaukar abin sheƙa a baki. Na zama mai bincike ƙarfi da yaji. Kowace safiya ina zaune a kan turmi ina kallon tsuntsuwa, masu karɓar ɗinki suna jirana a Adawlato suna zagina a zuci. Ita kuwa gimbiyar, shi yana ta zage ƙarfi maƙogwaronsa yana rawa, tana can tana gyaran gashi ta juya masa baya. Wani lokaci in yi ta kallon su har in manta inda nake, in ga kamar ni ce a kejin ina jiran a ce an yafe mini.

Wata safiya an kwana ana ruwa, tsakar gida duk ƙanshin ƙasa, mangwaro yana ɗiga a kan kwanon rufi. Mahaifina yana kan buzunsa, idonsa a buɗe kamar yadda ya koma yi. Ɗan ya hau, ya sauko, ya yi ting-ting, macen ko motsi. Da ya shiga tarrrrr, ya ja shi da sauri fiye da kullum, sai ta tsaya cak. Ta kwantar da ƙirji. Ta ɗaga wutsiya. Ya sake, ta sake. Ba a rafin ta tsaya ba, ba a gonar gero ba, a kekena ta tsaya.

Na kalli mahaifina, na ga kafaɗunsa suna rawa. Dariya yake yi, hawaye na bin gemunsa. Da ya natsu ya ce, "Kin san ting-ting ɗin nan? Ba daga Arewa ya zo ba. Ƙararrawar keken kakanki ce, da yake yawon sayar da goro a kansa. A zaure yake jingine shi, ƙarƙashin keji. Na sani tun ina yaro, na dai fi son in ce rafi ne." Sannan ya ce, "Shi ya bar nasa, ke kin sa naki. Ni da na fi shekara arba'in ina gadin waƙar, ni ne ban sa komai a ciki ba." Ya share fuska da bakin rigarsa ya ce, "Uwata, kawo mata guntayen zaren shagonki, audugar nan ba ta yi mata ba."

Da na ba ƙawata labari ta ce ba abin mamaki ba ne, ja da sauri irin wannan yana da wuya a maƙogwaron tsuntsu, mace kuma tana gane wanda ya iya abu mai wuya. Na ce mata ni dai abin da na sani, an sake kirana Uwata.

Sheƙar farko da aka yi, ja da kore da shuɗi ce, duk ragowar ɗinkin mutane. Da 'ya'yan suka fara gwada murya, mahaifina ya ninke baƙin ƙyallen ya ba mahaifiyata ta riƙa sauke tukunya da shi. Sai muka riƙa ganinsa da safe a tsaye a bakin keji, hannuwa a baya, yana yi musu fito a hankali. Mun ɗauka tsufa ne.

Yanzu ya daɗe da rasuwa, Allah ya ji ƙansa. Keken ƙafar ma na ba da shi, na lantarki nake ɗinki da shi. Kanarin suna wurina, jikokin jikokin wancan ɗan. Na koyi cewa abin da aka ba ka amana, ko ka so ko ka ƙi, zai fita daga hannunka da ɗan wani abu naka a jikinsa, sai dai ka roƙi Allah ya sa mai kyau ne. Har yau in na zauna da shayina da safe na lumshe ido, ban ga rafin ba tukuna. Amma ina jin keken kakana ya wuce, ina jin nawa keken yana gudu, sannan a can ƙarshe, bayan an ɗan yi shiru, sai wani ɗan fito mai gaɓa biyu. Jiya ma sai da na ce na'am.