Tsakuwoyin Kaka a Gindin Rumbu

Duk unguwarmu a Gwaram sun ɗauka bugun ƙasa kakata take yi. Ba shi ba ne. Lissafi take yi, kuma ta fi da yawansu iya shi, har da masu takardar shaida rataye a bango.

Ita ma tana da nata laifin. Bayan kowace sussuka ta biyu sai ta share gindin rumbu, ta ja layi biyu a kwance, ta raba kowanne gida uku, ta jera tsakuwa da 'ya'yan tsamiya tana motsa baki. In ka tambaye ta, ta ce ina ruwanka. Mata suka fara zuwa a ɓoye wai ta duba musu. Tana korarsu, amma magana ta riga ta fita.

Baffana, wanda nake zaune a gidansa a Birnin Kudu saboda makaranta, ya ji labari. Ya ce ba za a riƙa nuna shi a ƙofar masallaci ana cewa ga ɗan bokanya ba. Zai ɗauko ta ta dawo wurinsa, a kulle gidanta. Matar da ba ta taɓa barin gidan nan na mako guda ba.

Ranar Asabar muka hau mota, ni an tafi da ni ne don in haɗa mata kaya. Muka tarar da ita tsugune a kan layukanta. Baffa ya fara wa'azi, ni kuwa ƙasa nake kallo. Layin sama: biyu, ɗaya, sha tara. Na ƙasa: ɗaya, uku, ashirin da biyu. Kowace tsakuwa a matsayin goma take, kowane ɗan tsamiya ɗaya. Makon nan malamin lissafi ya cika mana allo da irin wannan jerin, matiriks, ni kuwa na sha jan biro.

Na katse Baffa, abin da ban taɓa yi ba. "Kaka, waɗannan na mene ne?"

"'Yar boko, yau kuma ni za a yi wa jarrabawa?"

Na ce, "Ki faɗa mana, tsohuwa, kafin a sa ki a mota."

Ta harare ni, sannan ta faɗa. A gidanmu ba a sussukar geron gona ɗaya shi kaɗai. Na gonar babana da na gonar Baffa rumbu ɗaya suke shiga, ɗaurin damin ne kawai ya bambanta, kuma turmi ɗaya ake haɗa su don kada wani ya ce nasa aka fara cinyewa. Amma dole ta san wace gona ce ta gaji, don can za a ce wa Fulani su kwantar da shanu da rani. Sussukar farko, dami biyu na babana da ɗaya na Baffa, kwano sha tara. Ta biyu, ɗaya na babana da uku na Baffa, kwano ashirin da biyu.

Ta ninka layin ƙasa: biyu, shida, arba'in da huɗu. Ta ɗebe na sama daga ciki. Gidan farko ya zama fanko, saura biyar a gidan tsakiya, ashirin da biyar a na ƙarshe: wato damin Baffa biyar sun ba da kwano ashirin da biyar.

"Damin Baffanki kwano biyar. Na ubanki bakwai."

Ina can ina fama da biro a bayan littafi. Ta riga ni da nisa, kuma amsarmu ɗaya.

"Wa ya koya miki?"

"Kakata. Ita kuwa tun kafin Turawa su zo take yi wa gidan nan. Ku ne kuka zo jiya."

Baffa bai yarda ba, ga shi an ce gonarsa ce ta gaji. Na ce to a gwada. Kaka ta yi ta mita a kan za a ɓata mata al'ada, amma ta bari aka ciro damin Baffa ɗaya, na sussuke shi da hannuna, na sheƙe, na auna a gabansa. Kwano biyar, har da ɗan abin da bai cika tafin hannu ba.

Ya daɗe yana kallon kwanon. "Inna, me ya hana ki faɗa tun tuni?"

"Wa ya tambaya da ladabi?"

Ba a haɗa kayan kowa ba. Baffa ya fita neman ruga.

Kafin mu tafi ta ce min lokacin da gonakin suke uku, layi uku ake ja, gida huɗu huɗu. Wannan ne daidai inda nake faɗuwa a aji. Na gaya wa Baffa hutun nan ba zan zauna a Birnin Kudu ba. Gwaram zan zo da sabon littafi, ta koya min na layi uku, in rubuta shi yadda take faɗa.