Baba Sha'aban da Gurbin da Ya Ƙi Cikewa

Kullum da hantsi, lokacin buɗe shaguna, Baba Sha'aban yakan bi layin 'yan atamfa a kasuwar Azare yana kasa kunne. Ba gaisuwa yake jira ba, don ba kowa ke yi masa ba. Kukan ƙofofi yake saurare. Shekara talatin da ɗaya yana haɗa ƙofofin shago masu naɗewa sama, daga ƙara kawai yake gane wadda sifirinta ya gaji.

Sifirin ɗin, wato murɗaɗɗen ƙarfen da ke taimaka wa ƙofa ɗagawa, a jikin wata sandar ƙarfe yake nannaɗe, can saman ƙofa. In aka jawo ƙofar ƙasa sai ya murɗe, ya tsuke. Shi ya sa Baba yake barin ɗan gurbi tsakanin sifirin da sandar, daidai shigar tsinken tsintsiya biyu. In babu gurbin, sifirin zai shaƙe sandar, ya yi ta cin ta har ya karye.

To wannan gurbin ne ya ja masa. Da aka gina sabon layi, Alhaji Maikuɗi, shugaban 'yan layin, ya girgiza sandar ƙofar da Baba ya fara haɗawa, ya ji tana motsi.

"Malam, ai wannan lako-lako take. Ko ƙarfen ka rage?"

"Alhaji, ko takalminka ai da gurbi aka ɗinka shi."

"Bar zancen takalmi. Sa mana mai kamawa gam."

"Ba dai da hannuna ba."

Sai aka ba wasu aikin, suka cusa sanduna masu kauri, kowa ya yaba. Ba a shekara ba ƙofar Hajiya Zinatu ta faɗo mata a kafaɗa tana cikin ɗagawa. Har yau hannunta na dama ba ya ɗaukar turmin atamfa.

Wa aka kira? Baba. Kwana huɗu yana kan tsani, ya canza sanduna goma sha ɗaya, wani sifirin ya fizge masa kan yatsa. Ba wanda ya ce masa, "Ashe da gaskiyarka."

Yanzu kuma an ce ya tashi da rumfarsa kafin Juma'a, wai tana tare fuskar sababbin shagunan. Shagunan da ya gyara fa. Ya fara ɗaure kayansa, zai koma Giade wajen 'yarsa.

Baba, kai ne ka yarda a kira ka mai ha'inci, ba ka yarda ka ɗora wa mutane ƙarfe a ka ba. Mun gode, ko da godiyar ta zo a makare. Allah Ya saka maka.

Masu sana'a, ku koyi cewa a'a irin tasa. Ku kuma 'yan layi, da kuke wucewa ƙarƙashin ƙofofinsa lafiya, rumfar tana nan har Alhamis. Hajiya Zinatu ta je jiya, ta taya shi ɗaure kaya da hannu ɗaya.