Fitilar Taimin da Kunnen Dattijo

Motoci da yawa sun bi ta hannuna a garejina na Yelwa, na manta yawancinsu. Amma akori-kurar wani dattijo mai fataucin kifi daga Wara ba za ta taɓa fita raina ba.

Motar ta girme ni. Da ita yake kwaso banda daga bakin ruwa zuwa kasuwar Yawuri, ba shi da wata. An sha yi mata dashe: kafireto na wata mota ne, distiribita mai raba wa fulogi wuta na wata daban. Injin ne kawai nata na asali, kuma kayansa sun ƙare a kasuwa. Ya kawo ta ne don ta rage ja.

Lokacin ban daɗe da sayen fitilar saita taimin ba, wato lokacin da wuta ke isa fulogi, ina ji da ita ba kaɗan ba. Na haska layin da ke jikin fuli, faifan da ke juyawa a gaban inji, na murɗa distiribita har layi ya zauna daidai, na ɗaure. Da na taka totur sai dattijo ya karkata kai.

"Ɗana, wutar ga ta yi gaba. Maishe ta baya kaɗan."

"Baba, ga layi nan. Fitila ba ta ƙarya."

"Ni ban san hitila ba. A aza mata buhu shidda, mu hau tudu da babban giya, ka jiya da kunnenka. Haka munka saba."

Na yi dariya, na ce zamani ya wuce nan. Dattijo ya ja motarsa ya tafi.

Bayan kwana uku ta dawo a ɗaure da igiya a bayan tifa. Ta ɗauko kaya, a kan wani hawa ta fara ƙara kamar tsakuwa cikin gwangwani, sai hayaƙi. Da na buɗe injin na tarar fistin biyu sun huje. Sai a sannan na lura fulin ma dashe ne, layinsa ba na wannan injin ba ne. Na saita daidai, amma a kan layin wata mota.

Dattijo bai yi faɗa ba. Ya zura yatsa cikin hujin, ya ce, "Shekara talatin ina jin ta, ɗana."

Na nemi fistin har Kwantagora da Sakkwato, babu. Yau motar tana ƙofar gidansa a Wara, ana shanya taru a kanta, shi kuma yana jiran a rage masa wuri a motar wasu. In na bi ta nan har yanzu kunya nake ji.

Abin da na koya shi ne awo yana da kyau, amma sai ka san abin da kake aunawa. Fitilar tana nan, ina aiki da ita. Sai dai duk ran da mai mota ya ce ya ji wani abu, ajiye ta nake yi, in ce a kawo buhuna mu hau tudu.