Aladen Leimara

Shekara arba'in Leimara tana kamun ƙaguwa a bakin tekun tsibirinmu a ƙasar Vanuwatu, ba wanda ya taɓa kama ta da ƙarya. Da ƙuruciyarta ta yi aikin girki a tsibiran Solomon. A can ta san kada, har ta ga abin da ya bari na wani masunci. Don haka da ta hangi abin kwance a bakin rafi bayan guguwa, ba sai an faɗa mata sunansa ba.

Ta garzaya wurin mai gari Kalsong, ya saurara yana murmushi.

"Haba Inna, kada a nan? Tun kaka da kakanni ba a taɓa yi ba. Gungume kika gani."

"To, ranka ya daɗe, gungumen naka hamma yake yi."

Fada ta kwashe da dariya, wani har da cewa tsufa ne ya fara taɓa ta.

A wannan rafin kuwa yara ke wanka in an tashi makaranta, da jikokinta uku a ciki. Leimara ta sari ganyen itacen namele ta kafa a gaɓa. Ko yaron goye ya san inda aka kafa ganyen nan ba a shiga, kuma mai gari kaɗai ke kafa shi. Kwana huɗu ba yaron da ya taka ruwan.

Nan fa dattawa suka farka. Kadan bai dame su ba, hannun macen da ya taɓa ganye shi ne masifa. Abin da takaici. Suka tuge ganyen, suka ci ta tarar alade, shi ke nan gare ta, shekara uku tana kiwonsa da kwakwa.

Ranar Asabar, ranar biyan tara, ta jawo aladen ta ɗaure a gindin itace kusa da ruwa, dattawa suna gefe suna ta jawabi kan ladabi. Yara sun fara tuɓe riguna ke nan ruwa ya dare. Aladen ya yi ƙara sau ɗaya, sai guntun igiya.

Kafin azahar Kalsong ya kafa sabon ganye a ramin da aka tuge nata. Jama'a suka yi ta yaba hangen nesansa.

Har yau ba wanda ya ce mata yi haƙuri. In jikokinta suka tambaye ta ina alade, sai ta ƙirga su da ido tukuna, sannan ta ce gungume ne ya cinye shi.